Tsoron Launi a Gidajenmu: Camfi, Al'ada ko Ciwo?

Da zarar hadari ya taso, a gidajenmu da dama mukan ji uwa tana cewa ɗanta ya tuɓe jar riga, wai ja yana jawo tsawa. Wata kuma ba ta yarda baƙin zane ya shiga kayan auren ɗiyarta, don kada amarya ta yi baƙin jini. Ya kamata mu tambayi kanmu: daga ina muka gaji wannan tsoro?

Idan muka duba al'ummomi, za mu ga ba su haɗu a kan launi ɗaya ba. Turawa baƙi suke sawa wajen makoki, mutanen Sin da Hindu na Indiya fari, Ashantawan Gana kuwa ja da baƙi. Kakanninmu ma baƙin rinin baba suka ɗauka tufar girma, kuma har yau Buzayen Agadas suna alfahari da rawaninsa. Ashe mutane ne suke ɗora wa launi ma'ana.

Alƙur'ani, a aya ta 22 ta Suratur Rum, ya lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyin Allah. Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da farin tufafi ga mai rai da mamaci, amma da baƙin rawani ya shiga Makka a shekara ta 8 bayan hijira, kuma Bara'u ɗan Azib ya gan shi sanye da jajayen tufafi. Saɓanin malamai game da ja zalla ga namiji hukunci ne na fiƙihu, babu wanda ya ce launin yana cutarwa. Jingina masa sharri camfi ne, kuma Annabi ya kira camfi shirka.

Camfi yana kuma shagaltar da mu daga haɗarin gaskiya. Tsawa ba ta zaɓen riga, abu mai tsawo da fili buɗaɗɗe ta fi faɗa wa. Yaron da aka canza wa riga aka bar shi ya fake gindin itace bai tsira ba.

Akwai kuma wanda ganin wani launi ke sa masa faɗuwar gaba, gumi da makyarkyata, sau da yawa bayan wata firgita kamar ganin jini a haɗarin mota. Wannan ciwo ne. Kada mu yi masa dariya. Mu haɗa masa addu'a da ganin likita, wanda zai saba masa da launin sannu a hankali.

Allah ya tsare imaninmu da iyalanmu, amin.