Zagayen Zariya A Kan Keke: Daga Tudun Wada Zuwa Kufena Da Tafkin Kubanni

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma abin mamaki, da yawa daga cikinmu ɗalibai mun shekara biyar ko shida a Zariya ba mu taɓa zuwa gindin dutsen Kufena ba, alhali kullum muna hangensa. A da keke shi ne dokin malami da akawu, wanda ya sayi Raleigh kuwa sai a yi ta zuwa taya shi murna. Yau babur da Keke Napep sun karɓe hanya, mutum ya wuce wuri a guje bai ga komai ba. Manufar wannan rubutu ita ce a bayyana wata hanya da mai keke zai bi ya zagaya ya dawo gida cikin yini guda.

Za a tashi daga Tudun Wada da sassafe. Kafin a bar unguwar, yana da kyau a tuna cewa a nan ne aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda aka daɗe ana buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939. Daga nan sai a shiga birni ta Ƙofar Doka. A cikin birni akwai fadar Sarkin Zazzau da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Lungunan birni suna da matsi, yara kuma suna wasa a ƙofar gida, saboda haka a tafi a hankali, ƙararrawa na aiki.

Idan aka fita ta Ƙofar Kuyambana aka nufi yamma, ba da jimawa ba za a isa Wusasa. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya a 1929 aka mayar da aikin mishan zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew bisa tsarin ginin Hausa, tare da makaranta da asibiti. Wannan ƙaramin gari ya yaye manyan mutane, cikinsu har da Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975.

Kusa da Wusasa ne dutsen Kufena yake. Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi dutse irin wannan ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili? Malaman labarin ƙasa sun bayyana cewa dutsen mai tauri ne ƙwarai, kuma a can da yana binne ne cikin ƙasa. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasar da ke kewaye da shi shekaru aru-aru, har ya bayyana a sarari. Mutanen da sun zauna a gindinsa domin tsaro, gama mai gadi a bisa dutse yana hango maƙiyi tun daga nesa. Bisa ga tarihin baka, sarakunan Zazzau sun zauna a Turunku da Kufena kafin Zariya ta zama babban birni. A nan sai a jingine kekuna a bar mutum biyu su tsare, saura su hau da ƙafa. Daga sama ana ganin birni da gonakin dawa da masara da ƙauyukan da ke kewaye.

Bayan an huta, sai a bi hanya zuwa Kwangila, a kama titin Sakkwato zuwa Samaru. Wannan shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, domin tireloli da manyan motoci ba sa ragawa mai keke. A Samaru ne aka fara binciken aikin gona a 1922, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A bayan jami'ar aka datse kogin Kubanni domin samar da ruwan sha, ya zama tafki mai ban sha'awa, tsuntsaye na sauka a bakinsa, masu lambu na aiki a kusa. Sai dai tafkin yana fama da matsala: idan aka sare itatuwa aka yi noma har bakin ruwa, damina takan kwaso yashi da laka ta zuba ciki, zurfinsa ya riƙa raguwa. Daga Samaru a komo ta Kwangila da PZ, a haye gadar Kubanni, sai ga Tudun Wada.

Rigakafi ya fi magani, don haka ga wasu shawarwari:

1. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanyoyi suka bushe kuma zafi bai tsananta ba.
2. Tun daren jiya a duba birki da tayoyi da sarƙa, a ɗauki famfo da kayan faci da gorar ruwa.
3. Kada ɗalibi ya tafi shi kaɗai. A nemi izinin hukumar makaranta, a tafi tare da malami, a tambayi halin tsaro kafin a shiga ƙauye, a kuma dawo kafin la'asar ta yi sanyi.
4. A kan babban titi a jeru ɗaya bayan ɗaya a hannun dama, ban da tsere.
5. Kada kowa ya shiga tafki wanka. Ana nitsewa, kuma ruwan da ba ya gudu yakan kawo ciwon tsargiya.
6. A gai da manya, kada a ratsa gonar kowa, kada a bar shara a bisa dutse.

A ƙarshe, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, abin da muke karantawa a darasin tarihi da labarin ƙasa yana nan kusa da mu, keke kawai ake bukata a kai gare shi. Wanda ya gama makaranta bai san garin da ya rene shi ba, me zai faɗa in an tambaye shi? Gani ya kori ji.