Ƙananan Rokoki: Katako Ko Roba, Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi

A ƙasar Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai wani wasan sha'awa wanda ya haɗa 'yan makaranta da dattawa masu furfura, watau harhaɗa ƙananan rokoki da ake kwaikwayo daga manyan rokokin nan masu kai kumbo sararin samaniya. Mutum yakan sayi ƙunshi guda daga kanti, a ciki ya tarar da bututun kwali, da hular da ake kifa wa rokar a ka, da falle-fallen katako na yin fukafukai, da 'yar laimar saukowa, da takardar bayani. Idan ya gama haɗawa ya shafa fenti, sai ya tafi fili ya sa mata ɗan inji ya cilla ta sama, wata ma takan wuce ƙafa 1,000 kafin laimarta ta buɗe ta sauko da ita a hankali.

To, masu wannan sha'awa sun daɗe suna muhawara a tsakaninsu game da abubuwa biyu, watau irin kayan da ya fi dacewa a yi roka da shi, da kuma irin fasalin da ya fi cancanta a ɓata lokaci a kansa. Kafin mai karatu ya gane abin da ya sa muhawarar take da zafi, ya kamata ya ji yadda abin ya samo asali.

Asalin Abin

Ran 4 ga watan Oktoba na shekarar 1957 ne Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko mai suna Sputnik. Nan take samarin Amurka suka kamu da zazzaɓin roka, kowa yana neman bututun ƙarfe ya ɗura masa albarushi ko wani haɗin da ya dama da hannunsa. Sau da yawa bututun yakan tarwatse kamar bom, aka yi ta samun yaran da suka rasa yatsu ko idanu, wasu ma suka rasa rayukansu.

Tun kafin wannan, a shekarar 1954, wani mai kantin takalma a garin Norfolk na Jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda kuma gwani ne wajen haɗa kayan wasan wuta, shi da ɗan'uwansa Robert sun ƙirƙiro wani ɗan inji na albarushi da aka matse cikin kwali mai kauri, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. A shekarar 1957 Carlisle ya aika da samfurinsa ga G. Harry Stine, wani ma'aikacin kula da tsaro a filin gwajin makamai na White Sands. Stine ya ga cewa an samo maganin matsalar, domin in dai masana'anta ce ta yi injin, yaro ba shi da sauran dalilin taɓa albarushi. Shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar da aka sani yanzu da National Association of Rocketry, ya kuma tsara mata dokokin tsaro. Daga baya wani mutumin Denver, Vern Estes, ya ƙera wata na'ura da ya laƙaba wa suna Mabel, wadda take fitar da inji ɗaya cikin kowace daƙiƙa biyar da rabi. Kamfaninsa, wanda ya kafa a 1958, ya koma garin Penrose na Jihar Kolorado a 1961.

Doka ta farko a tsarin ƙungiyar ita ce kada a yi jikin roka ko hularta ko fukafukanta da ƙarfe, sai da abubuwa marasa nauyi. Haka kuma nauyin rokar lokacin tashi kada ya wuce giram 1,500, kuma da lantarki za a kunna ta daga nesa. Saboda haka duk gardamar da ake yi a kan kaya, cikin wannan da'ira ake yin ta.

Mutanen Balsa Da Mutanen Roba

Kayan da aka fara da shi, wanda kuma har yau tsofaffin hannu suke rantsuwa da shi, shi ne katakon balsa. Itace ne da ke fitowa a yankunan zafi na nahiyar Amurka, kuma ƙasar Ekwado ce ta fi kowace fitar da shi. Rashin nauyinsa ya yi kusa da na totuwar karan dawa wadda yaranmu suke yin mota da ita, kuma ƙaramar wuƙa ta isa ta yanka shi. Amma fa yana da sharaɗi. Dole ne a yanka fiffike yadda jijiyar katakon za ta bi gefen da ke fuskantar iska, in ba haka ba yana taɓa ƙasa sai ya karye. Bugu da ƙari, balsa yana shan fenti kamar yashi, don haka sai an shafa masa abin toshe ƙofofi, a goge da sanfefa, a sake shafawa a sake gogewa, har sai ya yi sumul. Wannan wahala ita ce ainihin abin da masoyansa suke so. A ganinsu wanda bai sha ƙurar balsa ba bai ƙera roka ba, haɗawa kawai ya yi.

A ɗaya gefen kuma akwai mutanen roba. Tun farkon shekarun 1970 kamfanoni suka soma sa hula da fukafukan roba waɗanda aka zuba a ma'auni, kamar na rokar Alpha III ta kamfanin Estes wadda ake koya wa 'yan makaranta da ita. Fukafukanta a haɗe suke tun daga masana'anta, ba sa karkacewa, kuma yaro yana iya gama ta cikin yini guda. Hujjar masu son roba ita ce akwai ƙananan siffofi a jikin babbar roka, kamar gurgura-gurguran fatarta da bakunan injunanta, waɗanda wuƙa da katako ba za su iya fitarwa daidai ba. Aibinta kuwa shi ne nauyi, ga shi gam ɗin katako ba ya kama ta, kuma in ta tsage gyaranta da wuya, alhali kuwa balsa in ya karye ana liƙe shi a koma fili a ranar.

Shi jikin rokar, galibi bututun takarda ne da aka naɗe a karkace. Yana da araha da sauƙi, sai dai layin naɗin yakan bayyana ta ƙarƙashin fenti, don haka mai son kyau sai ya bi shi ya cike kafin ya yi shafe.

Idan Inji Ya Girma

Ana rarrabe injuna da haruffa, kuma kowane harafi ya ninka na bayansa ƙarfi. Injin B ya ninka A, C ya ninka B, haka har gaba. Idan aka ga an rubuta C6-5 a jikin inji, harafin yana nuna jimlar ƙarfinsa, lamba 6 matsakaicin turinsa ce, lamba 5 kuwa yawan daƙiƙoƙin da zai jira kafin ya tunkuɗo laima. Daga harafin H zuwa sama an shiga ajin manyan rokoki, waɗanda sai mai takardar shaidar ƙwarewa ake sayar wa injinsu. A wannan aji balsa ba ya kai labari, domin iska takan fizge fiffiken tun rokar ba ta yi nisa ba. Nan ne ake komawa ga katakon filawud, da zaren gilashi, da zaren kabon, a kuma huda jikin rokar a zura fukafukan har su kama bututun injin da ke ciki. Sai dai gwanaye suna yawan gargaɗin sababbin shiga game da cika ƙarfafa roka, saboda duk abin da aka ƙara nauyi ne, kuma roka mai nauyi in laimarta ta ƙi buɗewa ta fi haɗari ga waɗanda ke ƙasa.

Kama Ko Tashi?

Babbar matsalar mai kwaikwayon roka ta gaske ita ce daidaito a cikin iska. Mai karatu ya dubi kibiyar maharbanmu: ƙarfen bakinta ya fi kyauron nauyi, shi ya sa take tafiya da kai a gaba. Haka roka take. Wajibi ne tsakiyar nauyinta ya kasance gaba da inda iska take tura ta, da tazarar da ta kai kamar faɗin jikinta. Wani injiniya mai suna James Barrowman ya fitar da lissafin gano wannan a 1966, kuma a yau akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna OpenRocket, wadda Sampo Niskanen na ƙasar Finlan ya soma a matsayin aikin digirinsa, da ke yi wa mutum lissafin. Da can sai dai a ɗaura wa rokar igiya a wulwula ta a ga ko za ta miƙe.

To, manyan rokoki irin su Saturn V, wadda ta kai mutane duniyar wata a 1969, da injunansu masu juyawa suke daidaita kansu, don haka fukafukansu ƙanana ne ƙwarai, wasu ma kamar Titan ta shirin Gemini ba su da su sam. Ƙaramar roka kuwa ba ta da wannan dabara. Nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu sukan ƙara girman fukafukan, su haƙura da ɗan rashin kama. Wasu sukan sa fukafukan roba garau waɗanda ido ba ya gani daga nesa, a cire su in za a ajiye rokar don kallo. Wasu kuma sun gwammace su cusa yumɓu mai nauyi a cikin hula, ko da rokar ba za ta yi nisa ba.

Tsawon Saturn V ta gaske ƙafa 363 ne, watau kimanin mita 110. Kamfanonin Estes da Centuri duk sun fitar da kwaikwayonta a ma'aunin ɗaya bisa ɗari, mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, kuma har yau ita ce burin mafi yawan masu wannan sha'awa. Mutum yakan shafe watanni yana liƙe-liƙe da fenti, sa'an nan ya tsaya yana shawara ko ya cilla ta ko ya ajiye, domin daƙiƙa goma sun isa su mai da aikin watanni tarkace. Waɗanda ba sa son wannan fargaba sukan zaɓi rokokin binciken sama kamar Aerobee, da Nike Smoke, da Black Brant ta ƙasar Kanada, saboda su tun asali da fukafukai suke tashi, ana kwaikwayonsu ba tare da an sauya kome ba.

A Fagen Gasa

An yi gasar duniya ta farko a wannan fanni a garin Vršac na tsohuwar ƙasar Yugoslabiya a 1972. A ajin kwaikwayo, ɗan takara yakan gabatar da zane-zane da hotunan rokar gaske, alƙalai su auna tasa su gwada, su ba da maki a kan kama da kyan aiki. Amma duk kyanta, sai ta tashi lafiya kafin makin ya tabbata. 'Yan ƙasashen Gabashin Turai sun yi suna a nan, musamman wajen kwaikwayon rokar Soyuz, kuma galibi ba sa sayen ƙunshi, da hannu suke yin kome.

A Amurka kuwa, a watan Afrilu na 2009 wani mai gyaran jikin mota, Steve Eves, ya cilla Saturn V tasa mai ma'aunin ɗaya bisa goma a Jihar Maryland, tsawonta ƙafa 36, ta kuma sauko lafiya da laimominta.

Zamani ya kawo sababbin abubuwa. Yanzu da hasken leza ake yanka fukafukai, kuma na'urar da ke buga abu da roba ta ba mutum damar yin hular da ya ga dama a ɗakinsa. Duk da haka, roka mai sauƙi irin Big Bertha, wadda Estes ya fitar a 1965, tana nan a kasuwa da fukafukanta na balsa, kuma dattawan da suka haɗa ta suna yara su ne yanzu suke saya wa jikokinsu, su zauna tare da sanfefa a hannu.