Awon Kunamar Bindiga A Fagen Gasar Harbi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar awo ya san dutsen sikeli ba ya jin roƙo. In kaya sun cika laba sun cika, in kuwa sun gaza da ƙwayar gyaɗa guda, sun gaza ke nan. To, a fagen gasar harbi da ƙaramar bindigar hannu akwai wani dutsen awo irin wannan, wanda kowane gwani ke shakkarsa. Shi ne wanda ake rataya wa kunamar bindiga, watau ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja harsashi ya fita.

Ƙungiyar da ke riƙe da hukuncin wannan wasa a duniya sunanta ISSF. An kafa ta a shekarar 1907, mazauninta kuwa yana birnin Munich a ƙasar Jamus. Ita ta yanka wa kowace irin bindiga haddin nauyin da kunamarta za ta ɗauka ba ta saki ba. Bindigar iska, wadda ake harbi da ita daga nisan mita 10, tilas kunamarta ta ɗauki giram 500, watau laba guda da 'yan kai, domin laba giram 454 ce. Ta harsashi, wadda ake harbi da ita daga mita 25, haddinta giram 1,000. Ta mita 50 kaɗai aka bari ba haddi, har wasu kan mai da kunamarta ta yi sauƙin da taɓawa kaɗan ta isa. Wannan kuwa an fitar da ita daga wasannin Olamfik bayan na birnin Rio a 2016.

Dalilin haddin nan biyu ne. Na farko kiyaye rai, domin kunamar da ta cika sauƙi tana iya saki tun mai ita bai shirya ba. Na biyu adalci tsakanin masu gasa. Mai harbi a tsaye yake, hannu guda ya miƙa da bindiga, ba jingina, ba tallafi. Da'irar tsakiya da ke ba da maki goma a nisan mita 10 faɗinta milimita 11.5 ne, bai kai farcen babban yatsa ba. Sau 60 zai harba. Gwargwadon nauyin kunama, gwargwadon yadda bakin bindiga ke son kaucewa sa'ad da yatsa ke ja. Saboda haka kowane mai harbi ransa na kwaɗayin kunama mai sauƙi, doka kuwa ta daidaita musu kaya.

An ga ƙarfin wannan hukunci a 2005. A shekarar nan aka ɗora haddin giram 1,000 a kan gasar harbin gaggawa, inda mutum ke harbin allo biyar a jere cikin daƙiƙa 8, sa'an nan 6, sa'an nan 4. Tilas gwanaye suka koma koyon yatsa sabo. Ralf Schumann, Bajamushe, wanda ya ci zinariya a Olamfik na 1992 da 1996 da 2004 bisa tsohuwar ƙa'ida, da ya zo Beijing a 2008 bisa sabuwa, azurfa ya samu.

Ga yadda ake awon. Mai binciken kayan wasa yakan ajiye dutsen a kan tebur mai daidai. A ɗana bindiga babu harsashi ciki, a miƙar da bakinta sama sak, a saƙala ƙugiyar dutsen a wajen tsakiyar kunama, kana a ɗaga a hankali. In dutse ya rabu da tebur kunama ba ta saki ba, bindiga ta ci jarrabawa. In ta saki, sai a sake, amma sau uku kaɗai aka yarda. Kafin gasa ƙofa a buɗe take, wanda tasa ta gaza ya tafi ya gyara ya komo. Wuyar tana bayan harbi. Da an ƙare zagayen neman shiga na ƙarshe akan jefa ƙuri'a, waɗanda ta faɗa kansu a auna bindigoginsu nan take. Wanda tasa ta gaza a wannan awo an kore shi daga gasar, ko da makinsa ya fi na kowa.

Ita kunamar gasa yawanci hawa biyu gare ta. A hawan farko yatsa na jan ta tana biyowa da laushi, har ta tsaya kamar ta ci karo da bango. A na biyu sai a ƙara matsi kaɗan ta saki. Dutsen awo bai kula da rabon ba, jimla yake nema. Nan ne dabarar gwanaye take: da yawa kan ɗora mafi yawan nauyi a hawan farko, su bar kaɗan a na biyu. Misali, giram 400 a farko da 120 a ƙarshe, jimla 520. Amma in hawa na biyu ya cika sauƙi, yatsa ba ya jin bangon, harsashi ya fita tun saiti bai zauna ba. In kuwa ya yi nauyi, hannu ya gaji da jira, bakin bindiga ya sunkuya.

Maƙeran irin waɗannan bindigogi, kamar Steyr na Ostiriya, da Morini na Suwizalan, da Pardini na Italiya, da Walther na Jamus, sukan sa wa kowane hawa ɗan sukurunsa mai matsa sifirin ko sassauta shi. Akwai na nisan tafiyar kunama, akwai kuma mai tsai da ita bayan ta saki. Ladabin aikin shi ne a fara tabbatar da babu harsashi, a duba takardar maƙera, a juya sukuru guda ɗan kaɗan, a auna, kana a ƙara. Wanda ya juya uku a lokaci guda ba zai san wanne ya ɓata masa aiki ba. Akwai kuma sukuru guda da masana ke hana ɗan koyo taɓawa, shi ne na haƙoran ƙarfe biyu da ke riƙe da juna kafin harbi. In kamunsu ya yi ƙaranci, girgiza kaɗai na iya sa bindiga ta tashi. Wannan aikin maƙerin bindiga ne.

Akwai wani tarko wanda masu sikelin sanda za su gane shi nan da nan. Kunama tana juyawa ne a kan ƙusa daga sama, kamar sandar awo. In aka rataya dutse kusa da ƙusar sai kunama ta nuna ƙarfin da ba ta da shi, in aka rataya shi can ƙasa sai ta saki da wuri. Mutum na iya auna tasa a gida ya ga ta ɗauka, ya je gaban mai bincike ta gaza, alhali kuwa wurin ratayawa ne ya bambanta. Har wa yau zafi da sanyi, da mai, da gajiyar sifirin, da gogewar ƙarfe a sabuwar bindiga, duk suna taɓa nauyin. Abin da ya ɗauki giram 500 cif da safe yana iya kasa shi da la'asar.

Saboda haka gwani ba ya tsayawa a kan haddi daidai wa daida. Yakan bar rarar giram 20 ko 30 a bisa, ya horar da yatsansa a kanta har ta zame masa jiki, ya kuma auna kafin kowace gasa. Yatsa da ƙyar yake jin bambancin giram 20, amma rashinsu na iya cinye wahalar shekara huɗu a kan teburin mai bincike. Masu magana sun ce garin neman gira a rasa ido. Mai awon kirki a kasuwa in ya cika mudu yakan ƙara wa mai saye gyara, hankalinsa kwance ko wa zai sake aunawa. Haka mai harbin kirki yake yi wa kunamarsa.

Tamat.