Bandiri: Kiɗan da ke ɗauke da zikiri

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai albasa Kano daga Tama, Madawa ko Buza a watan Rabi'us Sani, mai yiwuwa ya ci karo da Maukibin Ƙadiriyya, ranar da hanyoyin birni ke cushewa har motar kaya ta rasa wurin bi. Daga gidan Ƙadiriyya da ke Kabara ake tasowa zuwa maƙabartar Mai Giginya, domin tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Abin da kunne ke fara tsinkaya tun daga nesa kuwa shi ne bandiri.

Fata ce aka ɗaura a kan zagayen itace, ana bugunta da hannu. Manya da ƙanana ake haɗawa, babba ya riƙe gindin kiɗa, ƙanana su riƙa cike masa, jama'a kuma na amsa zikiri. Marigayi Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya ɗaukaka bandiri a Kano, ya kuma tsaya wajen kare shi, domin kuwa bai samu karɓuwa wurin kowa ba. Malaman Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, sun ce bidi'a ce, kiɗa ba ya cikin ibada. Mun san rumfuna da yawa inda maƙwabta biyu ke saɓani a kan wannan, amma suna ba juna canji.

Haɗa kiɗa da addu'a ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba. A Amurka, a 1963, wani mashahurin mai tsara kiɗa Bayahude, Leonard Bernstein, ya shirya wa babbar ƙungiyar masu goge da busa da ganguna dogon kiɗa mai suna Kaddish, sunan addu'ar da Yahudawa ke yi idan an yi rasuwa. Ya sadaukar da shi ga Shugaba Kennedy da aka harbe a Nuwamban shekarar. Sai dai can tikiti ake saya, a zauna tsit a saurara. Nan kuwa kyauta ne, kuma mai sauraro shi ne mai amshi.

A ganinmu, abin da ya fi girgiza bandiri ba wa'azi ba ne, fiyano ne. Tun shekarun 2000 mawaƙan bege da dama suka koma situdiyo, inda mutum ɗaya da na'ura ke yin aikin makaɗa biyar, waƙar kuma ta iso kasuwa a cikin waya.