Ƙura da hayaƙi: mi ya sa suka fi cin talaka?

Darasinmu na yau bisa gurɓatar iska ne, da yadda take taɓa lafiyar maza masu neman abincin gida.

Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ce mutum wajen miliyan 7 ke mutuwa kowace shekara saboda mugunyar iska, galibinsu cikin ƙasashe marasa ƙarfi. Mata, hayaƙin murhu ya fi cutar su. Maza kuwa, ban da iskar gari, akwai ta wurin aiki: ramen ma'adinai, wurin fasa dutsi, bisa kabu-kabu.

Ga misali biyu. Cikin watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe birnin Landan kwana 5. Ƙidayar farko ta nuna mutum wajen 4000 suka mutu. Ingila tana da hali. A 1956 ta kafa dokar rage hayaƙi, sannu a hankali iska ta gyaru.

A Afirka ta Kudu kuwa, dubban maza daga ƙauyukan ƙasar da Lesoto da Mozambik sun yi shekaru suna haƙar zinariya. Ƙurar dutsi ta shiga huhunsu ta sandarar da shi. Wannan ciwo ba ya warkewa, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Sai a 2018 kamfanoni suka yarda da biyan diyya ta rand miliyar 5, bayan da yawa sun rasu a gida.

Kun ga bambancin. Inda akwai dukiya da doka, ana rage dattin. Talaka kuwa ba ya iya ƙin aiki mai ƙura, abincinsa kaɗan, asibiti nesa. Kuma namiji yakan ɓoye ciwo, don ranar da bai fita ba tukunya ba ta hau wuta.

Zancen ya shafe mu, tunda samarinmu na zuwa neman zinariya Komabangu, da Jado tun 2014. To, ku gaya musu: a jiƙa dutsi da ruwa kafin a fasa ko a niƙa. Rawani ba ya tare ƙananan ƙura, sai abin rufe hanci na ma'aikata. Wanda tari ya kai shi sati 2, ya tafi wurin likita a auna majinarsa. Kada ya jira sai ya ga jini.

Allah ya ba mu lafiya. Sai sati mai zuwa.