Wa ke samun kujera a kwamitin gari? Halin Hausawan Jazira da Nilul Azraƙ

A ƙauyukan Sudan, kwamitin unguwa ba abin wasa ba ne. Shi ke ba da takardar shaidar zama, a da shi ke rubuta sunayen gidajen da za su samu rabon burodi da gas, shi kuma hukuma ke tuntuɓa idan za a gina makaranta ko a haƙa rijiya. 'Yan kwamitin aikin sa kai suke yi, amma duk wanda ba shi da wakili a cikinsu ya san abin da ya rasa. Don haka tambayar yadda ake zaɓen su ta shafi Hausawan ƙasar kai tsaye.

Hausawa da Fulani ba baƙin jiya ba ne a can. Hanyar aikin hajji ta daɗe tana ajiye mutane, sannan bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kai jama'arsa gaɓar Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta jawo wasu dubbai.

A nan ne tushen matsalar yake. Gonar haya a cikin shirin, wadda ake kira hawasha, akasari ta faɗa hannun mutanen ƙauyukan da aka tarar a wurin. Masu aikin ƙwadago, Hausawa da mutanen Darfur da na Chadi, aka bar su suka kafa matsuguni a bakin magudanan ruwa. Irin wannan matsuguni shi ake kira kambo, jam'insa kanabi. An haifi kaka da jika a cikinsu, amma da yawansu ba a yi musu rajista a matsayin ƙauye ba. To, wurin da takarda ba ta san da shi ba, ta yaya zai fitar da wakili? Sai dai a jingina shi da ƙauyen maƙwabta, wato mutanen da yake yi wa aiki a gona su ne za su yi magana da yawunsa.

Sudan ta gwada hanyoyi daban-daban na cike waɗannan kujeru. Mafi tsufa ita ce sarautar gargajiya, inda ake da naziri da umda da shehun ƙauye, kuma gado da yardar gwamnati ke ba da muƙami. Numairi ya rushe ta a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da ita. Zamanin Umar al-Bashir an yi kwamitocin jama'a, waɗanda mutane suka riƙa kallo a matsayin ido da kunnen jam'iyya mai mulki. Bayan faɗuwarsa a 2019 aka maye gurbinsu da kwamitocin sauyi da hidima, inda matasan da suka jagoranci zanga-zanga suka samu ƙarfin faɗa a ji. An samu sabbin fuskoki, gaskiya ne, amma ma'aunin bai canja ba: sai unguwa ko ƙauyen da aka amince da shi ke da kwamiti.

A Nilul Azraƙ lamarin ya fi zafi, domin a can sarauta da ƙasa a ɗaure suke. Wanda ke da masarauta ana ɗaukarsa mai ƙasa ne, shi ke rabon gona, shi ke zama a teburin sulhu. Lokacin da Hausawa suka nemi a ba su masarauta tasu a cikin tsarin gargajiya, shugabannin wasu ƙabilun yankin suka ƙi, suna ganin neman ƙasa ne ta bayan gida. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da kewaye, mutane sama da 100 suka rasu, har Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Khartum. A watan Oktoba na shekarar aka sake yi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da 200. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin, wata uku kacal kafin yaƙin da ya game ƙasar.

Mai karatu zai iya cewa, ai mafita ita ce a ware wa kowace ƙabila kujera. A ganina wannan rabin magani ne. Kason ƙabila yana tabbatar da cewa an ga fuskarka a zaure, amma sau da yawa mai kuɗi ko na kusa da gwamnati ke ɗauke kujerar, kuma attajirin Bahaushe na Wad Madani bai san ƙishin ruwan kambo ba. Zaɓe a taron gari kuwa, masu rinjaye ke cinyewa. Naɗi daga sama ya fi sauri, sai dai wanda aka naɗa yakan fi jin tsoron wanda ya naɗa shi. Tsohuwar al'adar sulhu ta Sudan, judiyya, tana da ma'auni mai sauƙi: dattawan da ake kira ajawid sai ɓangarorin biyu sun yarda da su kafin su zauna. Raunin ta shi ne mata da matasa ba su cika samun wuri ba, alhali mata ne ke cirar auduga da ɗiban ruwa.

Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya fito da wani salo: ɗakunan agajin gaggawa da takaya, wato wuraren dafa abinci na sadaka, da yawa a harabar masallatai, inda aiki ke ba mutum matsayi, ba dangi ba. Amma bai kare mutanen kanabi ba. A Janairun 2025, lokacin da sojoji ke ƙwato Wad Madani, an kai hari Kambo Tayba bisa zargin mazaunansa da goyon bayan dakarun RSF, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26. Babbar buƙatar da mutanen kanabi suka daɗe suna kaiwa gaban hukuma tana nan yadda take: a yi wa matsugunansu rajista a matsayin ƙauyuka, da filin zama da makaranta da ruwan sha.