Cocin Palermo da Musulmi suka yi wa rufi

 Sunan Sisili ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin a wannan tsibiri na Italiya ne yaranmu da dama da suka bi ta Agadas da Libiya suke sauka. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne Musulmi sun mulki tsibirin fiye da shekara 200, kuma har yau akwai coci a babban birninsa, Palermo, da aikin hannunsu ke rufe da shi. Muna ganin tarihin wannan gini ya shafi duk Musulmin da ke zaune a ƙasar da ba shi ne da rinjaye ba.

Musulmi sun shiga Sisili a shekarar 827 daga ƙasar da yanzu ake kira Tunisiya. Jagoransu shi ne alƙali Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a wurin Imamu Malik a Madina. Palermo ta faɗa hannunsu a 831. Daga baya wasu mayaƙa Kirista da ake kira Normawa, 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace birnin a 1072, suka gama cin tsibirin a 1091. Ba su kori Musulmi nan take ba. Sun ɗora musu haraji, suka bar su da masallatansu da alƙalansu, har fada ta riƙa rubuta lissafin filaye da haraji da Larabci.

Sarki Roja na Biyu ya hau gadon sarauta a 1130. Bayan shekara biyu ya sa aka fara gina masa coci a cikin fadarsa, aka keɓe shi da sunan Bitrus a 1140. Shi ne ake kira Cappella Palatina, wato cocin fada. Ba wani ƙaton gini ba ne, amma al'adu uku ne suka haɗu a cikinsa. Zauren mai tsawo, wanda ginshiƙai suka raba gida uku, tsarin cocin Turawan yamma ne. Ƙubbar da bangaye an lulluɓe su da ƙananan gilasai masu launi da ruwan zinariya, aikin Girkawa irin na daular Rumawa. Bakunan da ke haɗa ginshiƙan kuwa masu tsini ne a sama irin na masallatan arewacin Afirka. Wanda ya san bakan gizo a soron gargajiya zai gane amfaninsu: su ne ke ɗauke nauyin sama.

Abin da ya fi jan ido shi ne rufin tsakiya. Na katako ne, an yi shi da salon da Larabawa ke kira mukarnas: ƙananan ramuka jere bisa jere, suna saukowa kamar saƙar zuma. An yayyanka siraran katakai aka harhaɗa, aka shafe su, sannan aka yi zane a kai. Akwai taurari masu kusurwa takwas, da raƙuma da zakuna, da makaɗa, da masu wasan dara irin ta Larabawa. Kewaye da su an yi rubutun Larabci da hatimin Kufi, kalmomin fatan alheri kamar lafiya da nasara da albarka. Masana sun danganta salon da na Masar ta zamanin Faɗimawa. Kusa da ƙofa kuma akwai allon dutse na 1142 da ke tuna wani agogo da sarkin ya sa aka ƙera, an rubuta shi da Latin da Girkanci da Larabci.

A wannan fada ce kuma malami Al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154. A ciki ya ambaci tsohuwar daular Gana, wadda ƙasar Ghana ta yau ta ari sunanta, da Gao da Kanem.

To, ina waɗanda suka yi wannan aiki suka shiga? A 1161 an yi tarzoma a Palermo, aka kashe Musulmi da yawa. Matafiyi Ibn Jubairu, da ya ratsa tsibirin a kan hanyarsa ta komawa gida daga hajji a 1184 zuwa 1185, ya tarar da masallatai da kasuwannin Musulmi a birnin, amma ya ba da labari cewa an hana su huɗubar Juma'a, kuma wasu ma'aikatan fada a ɓoye suke salla. Daga shekarun 1220 Sarki Firedirik na Biyu ya riƙa kwashe Musulmin Sisili zuwa garin Lucera a kudancin Italiya. A 1300 aka rushe wannan mazauni, aka sayar da mutanensa da yawa a matsayin bayi. Rufin ya tsira, har hukumar UNESCO ta sa ginin cikin kayan tarihin duniya a 2015, amma al'ummar da ta yi shi ta watse.

Darasi biyu muke ɗauka. Na farko, sana'a da ilimi suna buɗe ƙofa: sarkin da ba Musulmi ba ya nemi masassaƙa da marubuta da malamai Musulmi don ya ga ingancin aikinsu. Mu dage yaranmu su iya abin da za a neme su dominsa. Na biyu, kariyar da ta dogara ga ra'ayin mai mulki ɗaya tana iya tafiya tare da shi. Shi ya sa muke yawan roƙon jama'a a yi wa filayen masallatai da makarantu da maƙabartu takardu na doka, a yi wa yara rajistar haihuwa, a kuma riƙe maƙwabtanmu Kirista da mutunci tun ana zaman lafiya, ba sai rigima ta taso ba.

Duk mai ɗa ko ƙane a Palermo, ya gaya masa ya je ya ga wannan rufi, ya ɗaga kai ya karanta. Allah Ya kare mana zuriya a duk inda suke, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.